Layin intanet ɗaya, kwamfuta biyar: yaya ake raba shi da rauta?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman ƙarin haske daga masana. A ce kamfanin intanet ya ja wa gida layi, ya ajiye akwati ɗaya, kebul ɗaya ke fitowa daga akwatin zuwa kwamfuta ɗaya. Yanzu kwamfutocin sun zama biyar, uku na tebur, biyu na tafi-da-gidanka, ga kuma firinta. An sayo rauta, wato na'urar da ke raba layi ɗaya ga na'urori da yawa. Wane kebul ke shiga ina, me za a saita, kuma shin gudun layin zai kasu biyar ne?

Malam Injiniya:
Wa alaikumus salam. Kafin ka taɓa kebul, fara gano wane irin akwati kamfanin ya ajiye, domin duk sauran maganar a kansa ta rataya. Iri biyu ne. Akwai modem zalla, wanda aikinsa kawai ya juya saƙon da ke zuwa ta layin kamfani ya zama abin da kebul ɗin kwamfuta ke ganewa. Yawanci kafa ɗaya gare shi, wato ramin soka kebul, kuma ba ya watsa Wi-Fi. Akwai kuma wanda aka haɗe modem da rauta a jiki ɗaya. Shi za ka ga kafofi biyu zuwa huɗu a bayansa, da takarda a ƙarƙashinsa mai sunan Wi-Fi da kalmar sirri.

Idan modem zalla ne, ga yadda za ka yi. Kashe modem ɗin daga wuta. Zare kebul daga kwamfuta ka soka shi a kafar rauta da aka rubuta wa WAN ko Internet, galibi launinta daban ne da sauran. Kwamfutocin tebur su shiga kafofin LAN, wato na cikin gida. Bayan kamar minti biyu ka kunna modem, ka jira fitilunsa su daina ƙiftawa, sannan ka kunna rauta. Dalilin kashewar shi ne wasu modem, musamman na layin kebul ɗin talabijin, suna riƙe lambar shaidar na'urar farko da suka gani, wadda ake kira MAC, ba sa kula wata sai an kashe su an kunna.

Daga nan buɗe burauza a kwamfutar da ke haɗe da kebul, ka rubuta adireshin da ke jikin takardar rauta, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. A shafin WAN za a tambaye ka irin haɗin. In kamfani bai ba ka sunan shiga da kalmar sirri na layi ba, zaɓi DHCP, wato rauta ya karɓi adireshi da kansa. In ya ba ka, PPPoE ne, wato haɗin da sai an shiga da suna da kalmar sirri, sai ka rubuta su daidai, manyan baƙaƙe da ƙanana kamar yadda suke.

Yaya Mai Kebul:
Malam, ƙari a kan PPPoE. Idan da can kwamfutar ce ke buga sunan shiga da kanta, to a daina danna wannan haɗin a cikinta, aikin ya koma hannun rauta. Kamfanoni da yawa zama ɗaya suke bari a kowane asusu, idan kwamfuta ta riga ta shiga sai a hana rauta.

Sannan girman ƙunshin bayanai, wato MTU. A kebul na yau da kullum 1500 ne, amma PPPoE yana cin 8, saura 1492. Yawancin rauta suna gyara wannan da kansu. Alamar bai gyaru ba ita ce wasu shafuka su buɗe garau, wasu su tsaya rabi suna ta juyawa.

Sabon Shiga:
Na gode Malam, na gode Yaya. To idan akwatin kamfanin irin na biyun ne fa, mai kafa huɗu da Wi-Fi? Sai a soka shi a WAN ɗin ma?

Baba Tsohon Hannu:
Yaro, a nan ake yin ɓarnar. In akwatin kamfani rauta ne, tambayar farko ita ce ko kana ma buƙatar na biyu. Kafa huɗu ta ishi kwamfutocin tebur uku da firinta, sauran biyun su hau Wi-Fi, shi ke nan.

In kuwa dole sai an saka na biyun, ka riƙe abu ɗaya: ba a sarki biyu a gari ɗaya. Rauta yana yin aiki biyu da bai kamata wani ya taya shi ba. Na ɗaya shi ne raba adireshi, wato DHCP: duk na'urar da ta shigo ya ba ta lamba, ya gaya mata ta ina ake fita. Na biyu shi ne NAT: kamfani adireshi ɗaya ya ba gidan, rauta ke tura saƙon kowa da wannan adireshi ɗaya, yana rubuta wa ya aika me, domin in amsa ta dawo ya san wa zai miƙa wa. Lambobin cikin gida masu farawa da 192.168, ko 10, ko 172.16 zuwa 172.31, an keɓe su ne tun 1994 don irin wannan amfani, ba sa yawo a intanet.

Kuskuren da ya fi wahalar ganewa shi ne a ɗauko kebul daga akwatin kamfani a soka a kafar LAN ta sabon rauta ba tare da an kashe DHCP ɗinsa ba. Yanzu masu raba adireshi biyu ne a gida ɗaya. Kwamfuta ta nemi lamba, wanda ya riga amsawa shi take bi. Wadda ta bi akwatin kamfani ta samu intanet. Wadda ta bi sabon rauta an nuna mata ƙofar da ba ta fita ko'ina, tunda kafar WAN ɗinsa babu komai. Gobe kuma abin ya juya, wadda ke aiki jiya ta tsaya. Sai mutum ya yi ta zargin kamfani, alhali laifin a ɗakinsa yake.

Malam Injiniya:
Haka ne Baba. Mafita uku ce. Wadda na fi so ita ce a mayar da akwatin kamfani modem zalla. A saitinsa akwai abin da ake rubuta wa Bridge, wato ya zama gada kawai, komai ya wuce ta kansa zuwa sabon rauta. Sai kebul ya tashi daga akwatin ya shiga WAN, sabon rauta ya zama shi kaɗai ne mai mulki. In layin PPPoE ne, a karɓi sunan shiga da kalmar sirri daga kamfani tun kafin a canza, domin da zarar an canza akwatin ya daina buga su.

Hajiya Fasaha:
Malam, ina da ja a nan. Ga wanda ya fara yau, ba zan tura shi hanyar gada ba. Kamfanoni da dama sun kulle wannan saitin. Wasu kuma wayar tarho ta gida ko talabijin ɗinsu ta cikin akwatin take bi, kana mayar da shi gada su mutu. Akwai kuma layukan fayiba da ke buƙatar lambar VLAN, wato lambar da kamfani ke ware hanyar intanet da ita a cikin layin, wadda in ba a saka ta a sabon rauta ba ko da komai daidai ne ba zai haɗu ba.

Abin da ya fi sauƙin gyarawa in an yi kuskure shi ne a bar akwatin kamfani da mulkinsa, a sauke sabon rauta daga sarauta ya zama mai watsa Wi-Fi da ƙarin kafofi kawai. Matakan, kuma jerin yana da muhimmanci:

Haɗa kwamfuta ɗaya da sabon rauta shi kaɗai, kada ya taɓa akwatin kamfani tukuna. Shiga saitinsa ka canza adireshinsa ya zama ɗan gida ɗaya da akwatin kamfani. In akwatin 192.168.1.1 ne, ba shi 192.168.1.2, amma ka duba cewa akwatin ba ya raba wannan lambar. In yana rabawa daga 2, matsar da farkon rabon zuwa 100. Sake shiga da sabon adireshin, saita sunan Wi-Fi da kalmar sirri, sannan a ƙarshe ka kashe DHCP. Wanda ya fara da kashe DHCP yakan kulle kansa a waje, domin kwamfutarsa ba ta da mai ba ta lamba. Bayan haka kebul ya tashi daga LAN na akwatin kamfani zuwa LAN na sabon. Kafar WAN a bar ta fanko.

Rauta da yawa na yanzu suna da zaɓi ɗaya da aka rubuta wa Access Point, yana yin duk wannan da dannawa ɗaya, kuma a wannan yanayin galibi ta WAN ake soka kebul ɗin. A duba littafinsa.

Malam Injiniya:
Ranki ya daɗe, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba, na karɓi batun tarho da VLAN. Sai dai ki lura, a tsarinki duk nauyin gidan yana kan akwatin kamfani, wanda sau da yawa shi ne mai rauni a cikin biyun. Kuma wasu abubuwan da aka sayi sabon rauta dominsu, kamar tsara rabon gudu da iyakance lokacin yara, ba sa aiki idan ba shi ke riƙe da ƙofa ba.

Hajiya Fasaha:
Gaskiya ne. Wanda ya sayi rauta don waɗannan, gada ce hanyarsa. Wanda ya saya don Wi-Fi ya kai ɗakin baya, tawa ta ishe shi.

Ɗan Gwaji:
Ba ku faɗi ta ukun ba. A soka a WAN kawai a bar NAT biyu, ɗaya a bayan ɗaya. Mutane suna tsoratar da shi fiye da kima. Buɗe shafuka, kallon bidiyo, aika saƙo, duk suna tafiya, jinkirin da yake ƙarawa ba wanda zai ji shi. Sharaɗi ɗaya ne, kada su zama lamba ɗaya. In akwatin kamfani 192.168.1.1 ne, sabon ma haka, rauta ba zai iya bambance ciki da waje ba. A mayar da sabon 192.168.2.1.

Inda yake cizo shi ne duk abin da ke buƙatar a shigo daga waje: wasannin intanet da ake haɗuwa kai tsaye, kyamarar tsaro da ake son kallo daga nesa, buɗe kafa ga wata kwamfuta, wato a saita rauta ya riƙa miƙa mata saƙon da ke shigowa daga waje. Sai an buɗe a akwati biyu. Sannan in firinta tana jikin sabon rauta, kwamfuta kuma tana jikin akwatin kamfani, ba za ta gan ta ba. Don haka a kashe Wi-Fi na akwatin kamfani, kowa ya koma bayan sabon.

Baba Tsohon Hannu:
Ɗan ƙari. Duba adireshin WAN a shafin rauta mai riƙe da ƙofa. In ka ga yana tsakanin 100.64 da 100.127, kamfanin da kansa ke yin NAT, gidaje da yawa suna raba adireshi ɗaya. An keɓe wannan zangon a 2012 saboda ƙarancin adireshin IPv4, wato irin adireshin nan mai lamba kashi huɗu. A nan ko ka yi gada, buɗe kafa ba zai yi aiki ba sai ka nemi kamfani ya ba ka adireshi na kanka.

Sabon Shiga:
Allah ya saka da alheri. Saura batun gudun. Layin megabit 100, kowa 20 zai samu?

Yaya Mai Kebul:
A'a ƙanena. Rauta ba ya yanka layi kashi-kashi ya ajiye wa kowa nasa. In kwamfuta ɗaya ce ke aiki, duka 100 nata ne. In biyar suna karanta shafuka, da wuya su ji juna, domin shafi yana saukowa cikin daƙiƙa kaɗan layin ya koma zaman banza. Rabo yana zuwa ne kawai lokacin da ake ja tare, kuma ba raba daidai ake yi ba, manhajar da ta buɗe hanyoyi da yawa a lokaci guda ita ke kwashe kaso mafi tsoka.

Kada kuma ka rikita megabit da megabait. Bit 8 ne bait ɗaya. Layin 100 iyakarsa megabait 12.5 a daƙiƙa, don haka in ka ga fayil yana sauka da 11 ko 12, ba a cuce ka ba.

Abin da ke kashe gida galibi ba saukewa ba ne, ɗorawa ce. Layuka da yawa hanyar fitarsu ta fi ta shigowa ƙanƙanta sosai. Kwamfuta ɗaya ta fara tura hotuna zuwa ma'ajiyar intanet, hanyar fita ta cika, saƙonni su yi dogon layi a cikin modem. Ita kuwa saukewa tana buƙatar ƙananan saƙonnin "na karɓa" su riƙa fita a kan lokaci. Da sun maƙale a wannan layin, kowa a gidan sai ya ga intanet ya yi nauyi, kiran bidiyo ya riƙa yankewa, alhali gwajin gudu bai nuna wata matsala ba.

Maganinsa yana cikin rauta, a sashen tsara rabon gudu da ake rubuta wa QoS, ko SQM ga masu amfani da manhajar rauta ta OpenWrt. Auna gudun da kebul lokacin da ba kowa a layin, sannan ka rubuta kamar kashi 90 cikin 100 na abin da ka samu. In fita 20 ce, rubuta 18. Ka yi asarar kaɗan, amma jerin gwanon ya dawo cikin rauta inda zai iya ba kowa dama bi da bi.

Ɗan Gwaji:
Kuma a duba kafofin rautan kansa kafin a zargi kowa. Har yanzu ana sayar da masu kafar megabit 100, a kwali kuma an rubuta 300 ko 1200 da manyan lambobi. Wannan lambar Wi-Fi ce. In kafar WAN 100 ce, abin da zai wuce bai fi 94 ba ko da layin 500 ne. A nemi wanda aka rubuta Gigabit ko 10/100/1000.

Yaya Mai Kebul:
Ka taɓo inda nake so. Kebul ma yana yin wannan. Kebul irin Cat5e yana ɗaukar gigabit, wato megabit 1000, har mita 100. A cikinsa akwai silli 8, an murɗe su biyu-biyu. Megabit 100 tagwaye biyu kawai yake amfani da su, gigabit kuwa sai duka huɗun. Silli ɗaya cikin tagwayen da megabit 100 ba ya amfani da su ya tsinke ko bai dannu da kyau a kai ba, haɗin ba zai mutu ba, sai ya sauka zuwa 100 shiru ba tare da sanarwa ba. Duba gudun haɗin a saitin katin kwamfuta, in ka ga 100 inda ya kamata 1000, fara da canza kebul.

Ga mai matse kan kebul, wato RJ45, da kansa, jerin da aka fi bi shi ne T568B: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Duka ɓangarorin biyu iri ɗaya. Wasu sukan ce kowane jeri ya yi matuƙar kan biyu sun dace. Ba haka ba ne. Fil na 3 da na 6 dole su zama tagwaye ɗaya masu murɗe da juna, murɗin ne ke kashe hayaniyar lantarki. In aka raba su, ƙaramar na'urar gwaji za ta kunna fitilu takwas lafiya lau, a gajeren kebul ma ya yi aiki, amma a mita 30 ko 40 sai ya riƙa yankewa. A kuma guji wanda aka rubuta wa CCA, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, yana karyewa da wuri.

Sabon Shiga:
In kafofi huɗun suka cika fa?

Malam Injiniya:
Suwic za ka ƙara, wato akwatin da ke ƙara yawan kafofi kawai, ba wani rauta ba. Ba ya buƙatar saiti. Kebul ɗaya daga LAN na rauta zuwa kowace kafa tasa. Mai kafa 8 zai ba ka 7, ga 3 da suka rage a rauta, 10 ke nan. Abu ɗaya ne haramun: kebul biyu tsakanin suwic da rauta, ko kebul ɗaya da kansa biyu ke cikin suwic ɗin. Saƙo zai riƙa zagaye ba iyaka, fitilu duka su yi ta ƙiftawa tare, gidan gaba ɗaya ya tsaya.

Hajiya Fasaha:
Bari in ce wani abu kan Wi-Fi tunda kwamfuta biyu a kansa za su dogara. A ajiye rauta a tsakiyar gida, a sama, a fili, ba cikin kabad ko bayan talabijin ba. Wi-Fi yana tafiya a zangon rediyo, kamar 2.4 GHz da 5 GHz. Zangon 2.4 ya fi ratsa bango amma cunkoso gare shi, tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11. Zangon 5 ya fi gudu amma bango biyu masu kauri sun isa su raunana shi. Ƙaramar na'urar ƙara nisa da ake sokawa a soket tana karɓa ta sake watsawa da rediyo ɗaya, don haka gudu yakan ragu da kusan rabi. Kebul zuwa ɗakin ya fi ta nesa ba kusa ba.

Tsaro kuwa, kalmar sirri biyu ce, mutane sukan canza ɗaya su manta ɗaya: ta Wi-Fi, da ta shiga saitin rauta. A 2016 manhajar ɓarna ta Mirai ta kame ɗimbin kyamarori da rauta ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta kawai. A irin makullin Wi-Fi a zaɓi WPA2 ko WPA3, kada a kusanci WEP. A kashe WPS, wato haɗawa da gajeriyar lamba maimakon kalmar sirri: lambar alƙaluma 8 gare ta, amma tun 2011 aka nuna cewa ana tantance ta rabi-rabi, gwaji kusan 11,000 ya isa a fasa ta. A kashe damar shiga saiti daga waje, a sabunta manhajar rauta. Baƙi a ba su Wi-Fi na baƙi, wanda ba ya ganin kwamfutocin gida.

Ɗan Gwaji:
Ɓoye sunan Wi-Fi fa, Hajiya?

Hajiya Fasaha:
Wahalar da kai ne kawai. Sunan yana fita a fili duk lokacin da wata na'ura ke haɗawa.

Sabon Shiga:
Tambaya ta ƙarshe. An haɗa komai, huɗu suna aiki, ɗaya ta ƙi. Daga ina ake farawa?

Baba Tsohon Hannu:
Tunda huɗu suna aiki, ka bar kamfani da modem su huta. A Windows buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta ipconfig don ganin adireshin kwamfutar. In adireshin ya fara da 169.254, kwamfutar ta nemi lamba ba wanda ya amsa, sai ta ƙirƙira wa kanta. Kebul ne, ko kafa, ko rabon DHCP ya ƙare. In adireshin wani iri ne daban da na sauran, ko dai an taɓa rubuta mata lamba da hannu, sai a mayar da ita karɓa kai tsaye, ko kuma sarkin nan na biyu yana nan da rai.

In adireshin daidai ne, bi mataki uku. Yi ping zuwa adireshin rauta, wato a cmd ka rubuta ping da adireshin don ka ga ko zai amsa. Ya amsa, cikin gida lafiya. Yi ping 8.8.8.8, wani adireshi ne a intanet. Ya amsa, hanyar waje lafiya. Sannan yi ping da sunan wani shafi. In lamba tana amsawa suna ba ya amsawa, matsalar DNS ce, wato mai juya sunan shafi ya zama lamba, duba ko an bar tsohon adireshin DNS ko na proxy, wato ɗan tsakani da saƙo ke bi ta kansa, a cikin kwamfutar. Bayan kowane gyara rubuta ipconfig /release sannan ipconfig /renew.

Malam Injiniya:
Firintar kuma kada a manta da ita. A shafin DHCP na rauta ka ɗaure lambar MAC ɗinta da adireshi ɗaya, misali 192.168.1.50, in ba haka ba ranar da lambarta ta canza kwamfutocin za su ce ba ta nan. In kuma ana son kwamfutocin su ga fayilolin juna, a Windows sai an saita haɗin gidan a matsayin Private a kowace ɗaya, domin a Public kwamfuta ɓoye kanta take yi.

Sabon Shiga:
Lambar MAC ta firinta a ina ake ganinta?

Malam Injiniya:
Sa ta buga shafin bayanan haɗinta daga maɓallan jikinta, ko ka duba jerin na'urorin da ke haɗe a shafin rauta. In tana da kebul da Wi-Fi duka, kowanne da tasa lambar, ka ɗauki ta wanda kake amfani da shi.